Tukunyar da Ta Kira Kawu

A daren farko da aka ji ƙarar, Jomuna tana tsugune bakin murhu tana kankare ƙanzon shinkafa, mijinta Sukhen yana ɗinke ragarsa a gaban fitila. Wani gurnani ne mai zurfi, ya taso daga ƙasa kamar ana jan babban tulu a kan dutse, ya yi sama, ya karye, ya ƙare da nishi. Karnukan ƙauyen Hetalmari duka suka yi tsit. Akuyar da ke ɗaure a bayan ɗaki ta saki fitsari.

"Kawu ne," in ji Sukhen, murya ƙasa-ƙasa.

A tsibirin nan ba mai kiran damisa da sunanta. Wanda ya ambace ta ya gayyato ta, saboda haka sai a ce Kawu, kamar yadda ake girmama ɗan'uwan uwa mai zafin rai.

"Kawu a wannan gaɓar?" in ji Jomuna. "Daji yana hayin kogi. Wannan kuwa daga wajen masaukin Tarapada na ji ta fito."

"Iska ce ke wasa da kunnenki. Kuma ba shi ba ne ma, matarsa ce. Haka take kuka idan sanyi ya shigo tana neman namiji." Ya ciji zaren ya yi murmushi. "Ke ma da kin riƙa kirana haka, da ban ƙarar da takalmana a hanyar gidanku ba."

Ta jefe shi da ludayi, ya goce yana dariya.

Amma Jomuna 'yar magina tukwane ce. Tun tana ƙarama ubanta ya koya mata ta ƙwanƙwasa tukunya da ɗan yatsa ta saurara, ta gane mai lafiya da mai ɓoyayyar tsaga. A wutsiyar wannan gurnani ta ji wani ɗan amo siriri da ya tsaya mata a kunne. Ta rasa inda ta san shi. Ta kwanta da shi, ta tashi da shi, sai hidimar gida ta sa ta manta.

Tarapada Gayen shi ne mai masaukin baƙi a kan ganuwar ƙasa da ke tare ruwan gishiri daga shiga gonaki. Yana da jirgin ruwa mai inji, fentin kore, da takardar izinin kai baƙi cikin dajin da aka keɓe wa damisa. Idan sanyi ya zo mutanen Kolkata sukan cika masa ɗakuna, da hulunan ulu da kyamarori, su wuni a kan ruwa, su koma gida ba su ga komai ba sai sawun ƙafa a laka. Amma a wannan shekara labari ya bazu cewa a masaukin Tarapada mutum yakan ji kukan damisa yana zaune yana shan shayi. Har a baranda aka riƙa shimfiɗa wa baƙi katifu.

Dare uku aka yi ana jin ƙarar. Da asubar rana ta huɗu Sukhen ya ɗauki ragarsa ya gangara bakin kogi, yana jan ta cikin ruwa iya gwiwa don kama 'ya'yan jatan lande. Yana da fuskar roba irin wadda masu shiga daji ke ɗaurawa a ƙeya, fara mai gashin baki, domin Kawu ba ya kama wanda ke kallonsa, ta baya yake zuwa. Amma fuskar tana rataye a ƙusa cikin ɗaki. Wa zai ɗaura ta a ƙofar gidansa? Shekara goma sha ɗaya rabon da Kawu ya ƙetaro wannan kogi.

Ragar aka samu tana yawo ita kaɗai. A laka kuma ga sawu mai faɗin faranti, ya fito daga ruwa, ya koma ruwa, da wata doguwar shaida a gefensa ta abin da aka ja.

Tun kafin rana ta yi tsaka mata suka zo. Suka fasa mata fararen awarwaron aure a kan dutsen niƙa, suka goge jan garin matan aure da ke tsagar kanta, suka ba ta farin zane. Babu gawar da za a ƙona, sai aka ɗaure ɗan mutum-mutumi da karan shinkafa aka ƙona shi a madadinsa. Daga ranar sunanta ya koma Mai-cin-miji. An ce idan Kawu ya ɗauki namiji, to matarsa ce ta yi wani abu: ko ta taje kai yana wurin nema, ko ta yi dariya da wani, ko dai ƙafarta ce ba ta da kyau. Wanda zai shiga daji ba ya son ganin fuskarta da safe. Goggo Horidasi, tsohuwar da katanga ɗaya ta raba su, wadda a da ba ta wuni ba ta zo aron gishiri ba, ta koma juya baya tana tofar da yawu. Tukwanen Jomuna suka yi ƙura a rumfa, don ba mai son dafa abinci a abin da hannunta ya gina.

Mutum ɗaya ce ba ta guje ta ba: Maloti, matar Tarapada. Ita takan lallaɓo da rana tsaka, ta zauna, ta sa hannu a kwanon Jomuna su ci tare.

"Yaya, ci mana," takan ce. "In ke kike cin maza, to ki fara da nawa, na gaji da minsharinsa."

Ita ce ta matsa wa mijinta har ya ɗauki Jomuna aikin girki a jirgi da sanyi ya sake zagayowa. Tarapada ya yarda da sauri fiye da yadda aka zata, kuma Jomuna ba ta daɗe ba ta gane dalili. Duk sa'ad da ta hawo da shayi sai ya tare ta a gaban baƙi.

"Ku dube ta da kyau. Damisa ce ta ɗauke mijinta, a ƙofar gidansu. Ku ɗauki hotonta, ba ta damuwa. Jomuna, ɗan ɗaga kai."

Sai ta ɗaga kai, faranti a hannu, su yi ta ƙyasta kyamara.

Wata safiya tana neman buhun albasa a ƙarƙashin katakon madafi, hannunta ya taɓa wani abu mai sanyi a naɗe cikin tsumma. Ta jawo shi. Tun kafin ta gama warwarewa tafin hannunta ya gane shi. Tukunya ce mai faɗin ciki, mai tsukakken baki, da huda biyu a gindi. Ita ta gina ta, shekara guda da 'yan watanni da suka wuce. Tarapada ne ya zo da kansa ya kwatanta mata yadda yake so, ya ce ta shuka fure ce. Har ta yi dariya a lokacin, ta ce wane fure ne zai so gida irin wannan.

Babu ko ƙwayar ƙasa a cikinta. Bakinta kuwa ya rine da jan miyau na ganyen da Tarapada ke taunawa dare da rana.

Jomuna ta ƙwanƙwasa ta da ɗan yatsa. Amon ya fito siriri. Ta sunkuya, ta sa bakinta a bakin tukunyar, ta saki numfashi kaɗan daga maƙogwaro. Abin da ya dawo mata ƙarami ne, bai wuce madafin ba, amma shi ne. Gurnanin nan ne, da nishinsa, da wutsiyarsa.

Ta zauna a kan buhun albasa har ruwan shayi ya ƙone. Ashe mutum ne ya durƙusa a bayan ganuwa dare uku yana kukan macen damisa don 'yan birni su yi ihu su tafa. Namijin da ke hayi ya ji, ya gaskata, ya yi iyo ya zo neman mace, ya tarar da Sukhen. Shi kuma mai kiran ya ɓoye tukunyarsa, ya yi shiru, ya bar ta da sunan Mai-cin-miji, yana kuma nuna ta ga baƙi kamar biri a kasuwa.

Ba ta yi kuka ba. Ta mayar da tukunyar cikin tsummanta, ta mayar da ita inda take. Da ta koma gida ta sauke fuskar robar Sukhen daga ƙusa, ta goge mata ƙura, ta soke ta a ƙugunta ƙarƙashin zane. Ba ta san amfanin da za ta yi da ita ba. So take dai Sukhen ya kasance a wurin ranar da abin zai faru.

Ta jira mako biyar. A cikinsu ta koyi abin da bai shafi girki ba. Ta riƙa tambayar Baba Romjan, tsohon matuƙin jirgin mai ɗingishi, lokacin cikar ruwa da janyewarsa, da rafukan da aka hana shiga, da wanda Kawu ya fi so a cikinsu.

"'Yata, miya kike son dafawa da wannan ilimi?" ya tambaye ta wata rana.

"Baba, zaman madafi ne ke sa mutum surutu."

Ya dube ta, ya koma kan tuƙinsa.

Ranar da take jira ta zo da wasu baƙi shida, kwanansu biyu suna yawo ba su ga abin da suka zo gani ba. Babbansu wani ƙaton mutum ne mai suna Sanyal, mai tabarau, kyamararsa da dogon hanci kamar taɓarya.

A bakin daji, kamar kullum, Baba Romjan ya sa aka kashe inji. Akwai 'yar bukka a gaɓa ta Bonbibi, uwar daji, wadda Musulmi da Hindu duk suke neman tsarinta. Ya ɗebi ruwa da hannu ya shafa a goshin jirgi.

"Dajin nan ba a shiga shi sai da hannu wofi da zuciya wankakkiya," ya ce. "Akwai mai riƙe da wani a ransa? Ya faɗa yanzu, a yafe, mu wuce."

"Babu, Baba, babu," in ji Tarapada yana duba agogo. "Kullum sai ka yi mana wa'azi."

Tsohon ya leƙa ƙofar madafi. "Ke fa, 'yata?"

Jomuna ta zuba kifi cikin mai, ƙarar suya ta cika wurin. Ta yi kamar ba ta ji ba.

Suka shiga. Dajin ya yi musu abin da ya saba. Barewa masu ɗigo-ɗigo suna tsaye a gindin bishiya, birai a sama suna karyo musu ganye suna jefowa, kai ka ce albashi ake ba su. Wani kada ya kwanta a laka baki buɗe, ɗan tsuntsu yana yawo a gabansa ba ruwansa. Ga kifin nan da ya raina ruwa, yana tafiya da ƙirji a taɓo, har yakan hau saiwa ya zauna yana zare idanu. Ga jajayen kaguwa, kowace da hannu ɗaya ƙato tana ɗagawa tana saukewa kamar mai kiran kwalekwale. Ko'ina saiwoyi sun tsiro sama daga laka, masu tsini, kamar an kafa dubban masu.

Sanyal bai ga ko ɗaya ba. "Barewa! Barewa kuma! Ni na bar ofis don in ga akuya mai ɗigo? Gayen, a takardarka ka rubuta damisa."

Baba Romjan ya runtse ido da jin sunan.

Da rana ta ɗan karkata, ruwa ya fara janyewa, Jomuna ta hawo da shayi. Ta tsaya kusa da Sanyal, ta sunkuyar da kai.

"Ranka ya daɗe, can Kawu yake kwana," ta ce a hankali, ta nuna wani siririn rafi da haɓa. "Kowa a garinmu ya sani. Amma Maigida ba zai shiga ba. Tsoro yake ji."

Shi ke nan. Sanyal ya miƙe, sauran suka bi shi, suka sa Tarapada a tsakiya. Ya ce an hana, suka ce wa zai gani. Ya ce ruwa yana janyewa, suka ce ashe da gaske matsoraci ne, za su gaya wa duk Kolkata. Kunnuwansa suka yi ja.

"Baba, juya kan jirgi."

"Tarapada, ruwan nan janyewa yake yi. Mu shiga, ba mu fita sai ya dawo."

"Jirgin wa ne, naka ko nawa? Leƙawa kawai za mu yi."

Rafin ya haɗiye su. Rassa suka riƙa shafar jirgi dama da hagu. Ba su yi nisan kiran sallah ba cikin jirgin ya daki laka, ya yi wani nishi, ya tsaya. Inji ya yi ta haƙilo a banza. Ruwa kuwa yana ta zurarewa, jirgin ya soma kwantawa gefe ɗaya, kofunan shayi suka gangara suka faɗa rafi.

"Sai an ɗaure shi a bishiyar can, in ba haka ba zai kife," in ji Baba Romjan. Ya miƙa wa Tarapada igiya.

"Ni?"

"Ni gurgu ne, waɗannan baƙi ne, waccan mace ce. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka."

Tarapada ya miƙa hannu. "Ba ni fuskar roba."

"Wace fuska? Guda biyu ne a jirgin nan, kai ka ba 'yan matan nan na makon jiya su kai gida su rataye a falo."

Ya tsaya yana kallon gaɓa. Jirgin ya ƙara kwantawa, wata mata ta yi ƙara. Ya cire takalmi, ya ɗaura igiya a ƙugu, ya sauka. Laka ta kama shi har cinya. Taku ashirin ne zuwa bishiyar, kowane taku sai ya ciro ƙafa da hannu biyu, yana kaucewa tsinin saiwoyi. Ya isa, ya zagaya igiya, ya ƙulla.

Jomuna ta riga ta sauka madafi. Ta warware tsumma, ta durƙusa, ta juya gindin tukunyar wajen taga. Ta ja numfashi har ƙirjinta ya yi zafi, ta tuna ragar da ke yawo ita kaɗai, ta saki.

Ƙarar ta cika rafin. Biran da ke sama suka yi tsit. Can ciki wata barewa ta yi haushi sau ɗaya, irin na gargaɗi. Sai kuma, daga inda ba shi da nisa ko kaɗan, aka amsa. Wannan amsar ba ta da wutsiyar yumɓu. Katakon jirgi sai da ya yi rawa.

Jomuna ta hau sama rungume da tukunyar, ta tsaya a goshin jirgi inda Tarapada zai gan ta. Ya gan ta. Ya ga abin da ke hannunta. Bakinsa ya buɗe, jan miyau ya zubo masa a haɓa.

"Yaya Tarapada," ta ce, "furenka bai tsiro ba?"

"Jomuna... ƙanwata... ajiye wannan."

"Gaya wa Baba Romjan abin da ka shuka a ciki. Ɗaga murya, kunnensa ya yi nauyi."

"Ba yanzu ba, don girman Bonbibi! In na hau sai mu yi magana."

Ta ɗaga tukunyar zuwa bakinta.

"Ni ne!" ya yi ihu. "Ni na busa! Dare uku, a bayan ganuwa. Wasa ne, Baba, don baƙi su ji daɗi! Ban san zai ƙetaro ba, na rantse ban sani ba!"

"Da aka fasa mini awarwaro, ka sani?"

"Na sani."

"Da aka ce ni na ci shi?"

"Na sani, Jomuna, na sani, ki yafe..."

"Ɗan ɗaga kai," ta ce. "Baƙi suna son hoto."

Ta busa ta biyu, doguwa, a fili, idonta a kansa. Baba Romjan ya jawo ƙafarsa ya kama hannunta, amma ya makara. Ganyen gajerun dabinon da ke bayan bishiyar suka rabu biyu ba tare da wani motsi mai ƙara ba. Kai ya fito, faɗinsa kamar faifai, sannan kafaɗu, sannan dogon jiki mai ruwan wuta da baƙaƙen ratsi, laka ta bushe a ƙafafunsa. Ya tsaya taku goma bayan Tarapada.

Ba wanda ya gaya wa Tarapada. A fuskokinsu ya gani. Ya juya a hankali, suka haɗa ido, ya daskare. Yanzu ga yadda abin yake: muddin yana kallon Kawu, Kawu ba zai taso ba. Amma ba ya iya tafiya da baya cikin lakar nan da tsinin saiwoyi. In kuwa ya juya ya fuskanci jirgi, ya miƙa ƙeyarsa.

"Baba," ya ce da wata 'yar murya kamar ta yaro, bai waiwayo ba. "Baba, yaya zan yi?"

Baba Romjan ya shiga addu'a, leɓunansa kawai ke motsi.

Jomuna ta ajiye tukunyar. Ta sa hannu a ƙugu ta zaro fuskar Sukhen. Ta riƙe ta, ta juya idanun fuskar wajen gaɓa don Sukhen ma ya gani. Zuciyarta ta yi sanyi ƙalau, irin sanyin randa. Wannan ta zo nema, ga shi kuma a gabanta. Ba abin da za ta ƙara yi, tsayuwa kawai. Ƙafafun Tarapada suna rawa, laka tana ta kumfa a gefensu, ba zai daɗe ba zai faɗi ko ya gudu.

Ta bar shi yana rawa. Ta tsaya tana kallo har tsawon lokacin da tukunyar shinkafa za ta tafasa.

Sai ta ga dutsen niƙa a zuci. Ba na gidanta ba, na gidan Maloti, da hannun Maloti a kai, da mata sun kewaye ta, da Goggo Horidasi tana tofar da yawu. Wa zai lallaɓo da rana tsaka ya sa hannu a kwanonta? Wadda ta busa tukunyar?

"Tarapada," ta kira. "Miƙa hannunka na dama."

Ta jefa. Fuskar ta juya a iska ta faɗi a laka dab da cinyarsa. Ya lalubo ta, idonsa bai bar na Kawu ba, ya ɗaura ta a ƙeya. Sannan ya juya, ya kama igiya, ya fara jan jikinsa. Yanzu Sukhen ne ke kallon Kawu, da farar fuskarsa da gashin bakinsa, laka a kumatu ɗaya.

Kawu ya biyo taku uku. Ya tsaya, ya karkata kai yana duban wannan mutum mai tafiya gaba yana kallon baya. Sai ya zauna a kan ƙafafunsa. Da aka jawo Tarapada cikin jirgi kamar buhu, Kawu ko kallonsa bai yi ba. Jirgin yake kallo. Yana ɗaga hanci, yana shaƙar iska, yana neman wadda ta kira shi. Ya yi wani ɗan gurnani mai taushi, irin na tambaya.

Awa huɗu suka yi a rufe cikin ɗakin jirgi kafin ruwa ya dawo. Baba Romjan ya yanke igiya daga ciki, ya ɗauki gora ya rotsa tukunyar, ya share gutsattsarin cikin rafi. Da suka juya, Kawu ya biyo su ta gaɓa, yana ɓacewa yana bayyana tsakanin bishiyoyi, har bakin babban kogi. A nan ya tsaya da ƙafafunsa na gaba cikin ruwa, yana kallon inda suka nufa.

Sanyal bai ɗauki hoto ko ɗaya ba, kyamarar tana rataye a wuyansa tun farko. Sai da suka hango fitilun Hetalmari bakinsa ya buɗe, ya tambaya ko za a iya maimaitawa gobe.

"Kin yi ƙarya a ƙofar Bonbibi," in ji Baba Romjan lokacin da suke sauka.

"Ban ce komai ba, Baba."

"Shi ne ƙaryar."

Amma tsohon ya faɗi abin da ya ji, a rumfar shayi, a gaban kowa, bai rage ba bai ƙara ba.

Tarapada bai mutu ba. Ya yi kwana tara da zazzaɓi, ya tashi. Sai dai ya ƙi cire fuskar. Da ita yake kwana, da ita yake wanka. In an matsa masa sai ya dafe ƙeya da hannu biyu ya yi ta ihu. Aka rufe masaukin, koren jirgin ya zauna a laka kaguwa suka yi gida a ƙarƙashinsa. Yakan bi ta kasuwa a hankali, kansa a ƙasa, kuma duk wanda ya wuce, in ya waiwaya, sai ya ga Sukhen yana kallonsa. Waɗanda suka kira Jomuna Mai-cin-miji suka koma sauya hanya.

Maloti ba ta ƙara zuwa ba. Jan garinta yana nan a tsagar kanta, awarwaronta suna nan a hannu. Sun haɗu sau ɗaya a bakin tafki, ta dubi Jomuna, ta ɗauki tulunta ta tafi. Tulun ma Jomuna ce ta gina shi.

Sauran mata kuwa suka fara dawowa ɗaya bayan ɗaya, wannan tana son kasko, waccan tana son murfi. Wata yamma, kwana goma sha biyu bayan abin, suna zaune su biyar a kan ganuwa gaban gidan Jomuna suna tsince shinkafa. Ruwa ya janye. A ƙasa mazan gari da 'yan mata suna jan raga iya gwiwa, bayansu a juye ga kogi. Hayin can daji ya yi baƙi, shiru.

Goggo Horidasi ta fito da ɗan kofinta na aron gishiri, karo na farko a shekara guda. Ta zauna da ƙyar, ta miƙe ƙafafu, ta daɗe tana kallon hayi.

"Kin yi daidai, 'yar nan," ta ce. "Ya ɗanɗani abin da ya dafa. Amma ni tsohuwa ce, akwai abin da ya tsaya mini. Shi Kawun, kin kira shi da muryar mace, ya zo bai same ta ba, ya kuma ga inda jirgi ya nufa. To a ina kike jin zai zo nemanta?"

Hannuwa suka tsaya a cikin faifai. Jomuna ta dubi masu jan raga, ta dubi ruwan da ke tsakaninsu da daji.